Abin da Wuƙa Ta Bari

Ƙodar baligi tsawonta bai wuce santimita 11 zuwa 12 ba, nauyinta kuwa wajen giram 150. Amma duk bugun da zuciya ta yi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da ta harba ƙoda biyun nan yake nufa, fiye da lita ɗaya a kowane minti. Da wannan ambaliya ne likitan tiyata yake fuskantar juna duk ranar da zai cire ƙari daga jikin ƙoda ya bar mata sauran namanta. In ya sa wuƙa alhali jini na gudana, kafin ƙiftawar ido wurin ya cika, ba zai ƙara ganin inda ƙari ya tsaya nama mai lafiya ya fara ba. In kuma ya tsayar da jinin, daga wannan minti ƙodar ta fara galabaita. Gaba kura, baya sayaki. Likitocin ƙoda da mafitsara sun shafe fiye da shekara ɗari suna neman hanyar wucewa ta tsakiya, kuma abin da suka kai gare shi yana cikin ayyukan hannu da suka fi burge ni.

Sai an san abin da ake tattali kafin a ga kyan aikin. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatu da ake kira nefron, kimanin miliyan ɗaya, ko da yake wani yana da ƙasa da rabin haka, wani kuma ya ninka. Su ne suke tace lita 180 na ruwan jini a kullum, su mayar wa jiki kusan duka, su saki lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Tun jariri yana mako na 36 a cikin mahaifiyarsa ake gama ƙera su. Daga nan ba ƙari, sai dai ragi. Hanta in an yanke wani sashe nata takan sake tsiro. Nefron ɗin da ya mutu kuwa ya tafi ke nan. Shi ya sa gwani a wannan fage ba a tambayarsa ko ya cire ƙarin kawai. Ana tambayarsa me ya bari.

Ba haka aka fara ba. A shekarar 1869, a garin Heidelberg na Jamus, Gustav Simon ya cire ƙodar wata mata da gangan, bayan ya gwada a kan karnuka ya tabbatar ana iya rayuwa da guda ɗaya, kuma matar ta rayu. A 1887, a garin dai, Vincenz Czerny ya yanke ƙari ya bar sauran ƙodar. Sai dai zubar jini da yoyon fitsari sun sa mutane suka ja da baya daga wannan hanya. A shekarun 1960 Charles Robson na Toronto a Kanada ya kafa abin da ya zama doka: in kansa ce, a kwashe ƙodar ɗungurungum, da kitsen da ke kewaye da ita da kaluluwar da ke kusa. Yana da hujja, domin a zamaninsa ba a gano ƙari sai ya girma ya fara zubar da jini a fitsari. Na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki ne suka sauya lissafin. Yau fiye da rabin ƙarin ƙoda a ƙasashen da ake yawan yin hoto ana tsintarsu ne ba da nema ba, mutum ya je sikanin don ciwon ciki ko baya, sai a ga wani ɗan abu mai santimita 3. Cikin irin waɗannan ƙanana, kusan ɗaya cikin biyar ma ba kansa ba ne. A jefar da matatu miliyan guda saboda wannan? Andrew Novick na asibitin Cleveland Clinic a Amurka yana cikin waɗanda suka ƙi yarda, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa a ƙananan ƙari yanke sashe yana warkar da cutar kansa kamar yadda cire duka yake yi.

Aikin yana farawa ne tun kafin a shiga ɗakin tiyata, likita zaune gaban hoton siti-sikan, yana bin jijiyoyi da ido. Babbar jijiyar da ke kai wa ƙoda jini takan rabu gida biyar, kamar yadda F. T. Graves ya nuna a 1954, kowane reshe da yankin da yake shayarwa, kuma ba sa taimakon juna. Kamar fangalin lambu ne da kowanne ke da tasa hanyar ruwa: ka toshe ɗaya, wannan fangali ya bushe ko da na gefensa yana malala. Saboda haka dole likita ya san wane reshe ne ke ciyar da ƙarin, wane ne ke wucewa ta gefensa zuwa nama mai lafiya. Zai duba ko mutumin nan yana cikin masu jijiya biyu ko uku a maimakon ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne, domin in ya matse ɗaya ya manta da ɗaya, sai ya yanka ya tarar jini na feshi. Zai auna zurfin ƙarin, da nisansa da kwaryar tsakiya inda fitsari ke taruwa. Tun ran gini ran zane.

Ranar aiki ana kwantar da majinyaci ta gefe. Ko dai a tsaga ta kwiɓi, ko a huda ƙananan ƙofofi a hura iska a ciki a shiga da kyamara da dogayen kayan aiki, hanyar da Ralph Clayman ya fara cire ƙoda da ita a St. Louis a 1990, wadda yanzu a manyan asibitoci ake yi da na'urar da Vinci, likita na zaune yana sarrafa hannayenta. Ko ta wace hanya aka bi, yawancin lokacin tiyatar yana tafiya ne a shiri, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya. Sai ya janye hanji gefe, ya nemo bututun da ke sauke fitsari zuwa mafitsara, ya bi shi sama har ƙofar ƙoda, ya tone jijiyar jini a hankali har ta fito fili, ya rataya mata ɗan zaren roba don ya same ta nan take. Sai ya buɗe kitse ya fito da fuskar ƙodar, amma ya bar kitsen da ke kan ƙarin kansa, kada a fasa shi. Sai ya ɗora ɗan kan sikanin kai tsaye a jikin ƙodar ya ga iyakar ƙarin ta ƙarƙashi, ya shata da'ira da wutar ƙona nama. Allurai da zarensu an riga an yanka su daidai tsawon da ake so, an jera su kusa. Ya juya ƙodar ya tabbatar hannunsa zai kai kowane lungu na ramin da bai ma haƙa ba tukuna. Wanda ya ƙware ba ya taɓa ɗan ƙarfen matse jijiya sai ya yi dukan aikin a zuciyarsa daga farko har ƙarshe, ya kuma tambayi mataimakinsa da ma'aikaciyar jinya ko kowa ya shirya.

Sannan ya matse. Ƙodar da take jawur ta koɗe, ta yi laushi. Likitan sa barci ya dubi agogo ya rubuta lokaci, daga nan kuma shi zai riƙa sanarwa: "Likita, minti biyar." "Likita, minti goma." Yankan da almakashi ake yi, ba da wuta ba, domin ƙuna tana ɓata launin nama, ido kuwa da launi yake aiki a nan: naman ƙoda mai lafiya yana da kalarsa da zanensa, ƙari kuma sau da yawa rawaya-rawaya ne, da ɗan ɓawo a jikinsa. Likita yana bin bayan ɓawon da tazarar 'yan milimita. Ya matsa ciki da yawa, ya bar ragowar ƙarin a jikin mutum. Ya yi waje da yawa, ya kwashe dubban matatun da ba su yi laifin komai ba. Mataimaki yana zuƙe ɗan jinin da ke tsattsafowa, yana danna gefen ramin don a ga ƙasa. Da ƙarin ya rabu, sai a ajiye shi gefe, a ɗauki allura. Ɗinkin farko na can ƙasan rami ne, yana rufe bakunan jijiyoyin da aka yanke da kuma kwaryar fitsari in an ɓula ta. Naman ƙoda ba shi da ƙarfin riƙe zare. Ka ja da ƙarfi, zaren ya tsaga shi. Ka yi sako-sako, bayan mako ɗaya ko biyu majinyaci ya dawo yana fitsarin jini. Ka zurfafa allura, ka shaƙe reshen da ke wucewa zuwa wani yanki, wannan yanki ya mutu a ɓoye ba wanda ya gani. Babu littafin da zai koya wa yatsu wannan awo, sai tsayawa kusa da na gaba shekara da shekaru.

Minti nawa ƙoda za ta jure? Wani bincike da aka wallafa a 2010 a kan mutane masu ƙoda guda ɗaya ya nuna haɗari yana ƙaruwa da kowane minti, musamman bayan minti 25, kuma wannan adadi ya zauna a kan likitoci. Daga nan dabaru suka yi ta fitowa. In tiyatar buɗe ciki ce kuma ƙarin mai wuya ne, sai a kewaye ƙodar da niƙaƙƙiyar ƙanƙara har ta yi sanyi, buƙatarta ta iskar oksijin ta ragu, a sami ƙarin lokaci. Inderbir Gill da abokin aikinsa sun nuna a 2008 cewa in aka saki jijiya da zarar an gama ɗinkin ƙasa, a ƙarasa na sama jini na gudana, lokacin matsewa yana sauka daga wajen minti 31 zuwa 14. Akwai wani alheri ma a ciki: duk jijiyar da ba ta ɗinku ba za ta nuna kanta a gaban ido. Wasu kuma sukan bi rassa har su kai ga wanda ke ciyar da ƙarin kaɗai su matse shi, su zuba wani rini kore a jini wanda ke haske ƙarƙashin kyamara ta musamman, su ga yankin da ya yi duhu da wanda jini ke kaiwa.

Sai dai daga baya masu bincike a Cleveland suka auna girman naman ƙoda kafin tiyata da bayanta, suka gano cewa muddin matsewar ba ta yi tsawo ainun ba, yawancin matatun suna farfaɗowa, kuma abin da ya fi yanke hukunci a kan ƙarfin ƙoda nan gaba shi ne yawan nama mai jini da aka bari. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin ya ƙwace kambu daga mai sauri ya ba mai natsuwa. Likitan da ya gama a minti 12 amma ya yi wawan yanka, bai kai wanda ya ɗauki minti 22 yana bin ɓawon ƙari da haƙuri ba.

Abin da ya ƙara mini ganin girman masu wannan sana'a shi ne ba sa jin kunyar gwada abin da suka gada. Wani babban nazari a California a 2004, a kan mutum fiye da miliyan ɗaya, ya nuna cewa raguwar aikin ƙoda tana tafiya tare da ciwon zuciya da mutuwa. Kowa ya ɗauka ke nan yanke sashe zai tsawaita rai fiye da cire duka. Da aka yi gwaji a Turai a kan mutum 541, aka wallafa a 2011, ƙarfin ƙoda ya fi kyau ga waɗanda aka bar wa sashe, amma ba a ga sun fi tsawon rai ba. Gwajin yana da rauninsa, an rufe shi kafin a sami adadin mutanen da ake so, har yau kuma ana muhawara a kansa. Duk da haka ya koya wa likitoci kada su mai da yanke sashe ibada: tsoho mai lafiyayyar ƙoda ta biyu da ƙari a wuri mai haɗari, wataƙila cire duka ne alherinsa, mai ciwon suga ko hawan jini ko ƙoda guda ɗaya kuwa, kowane giram na nama dukiya ne. Haka maganin manitol, wanda aka shekara da shekaru ana ɗura wa majinyaci kafin a matse jijiya da sunan kare ƙoda. A 2018 asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York ya gwada shi a kan mutum kusan 200, rabi aka ba su, rabi ba a ba su ba, bayan wata shida ba a ga bambanci ba. Da yawa suka daina. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To, an fito daga tiyata lafiya. Matatun da aka sha wannan wahala don a cece su, allura ta kwana bakwai tana iya hallaka su a gadon asibiti ba tare da digon jini ya zuba ba. Rabin gwanintar da ba a cika yabawa ba ke nan. Dalilin da ya sa magunguna suka fi cin ƙoda a fili yake: ta nan yawancinsu suke fita, kuma yayin da nefron ke janye ruwa yana mayar wa jiki, maganin da ya rage a cikin bututun sai ya ƙara kauri.

Ɗauki jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta mai araha wadda ta ceci jarirai da masu ciwon mafitsara ba adadi, kuma ana yawan amfani da ita a asibitocin ƙasashenmu. Ƙwayoyin halittar da ke farkon bututun nefron suna haɗiye ta su tara, bayan kwana biyar zuwa bakwai su fara mutuwa, alhali mutum yana fitsarinsa kamar kullum, babu alamar da zai gani. Tana kuma iya taɓa ji. Masu bincike suka lura cewa ƙofar da maganin ke shiga waɗannan ƙwayoyin tana da iyakar abin da take iya ɗauka a lokaci guda, su kuwa ƙwayoyin cuta babban bugu ne yake kashe su. Sai aka juya tsarin: maimakon a raba allurar sau uku a yini, a haɗa ta a yi sau ɗaya. Cuta ta sha duka mai ƙarfi, ƙoda ta ɗauki abin da za ta iya ta bar sauran ya wuce, sannan ta sami sa'o'i tana hutawa. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba, lokaci kawai aka gyara. Saura a auna nauyin majinyaci da ƙarfin ƙodarsa kafin a rubuta, a kuma tsayar da ita da zarar an sami wadda za ta maye gurbinta.

Labarin sisfilatin ya fi wannan ban mamaki. Barnett Rosenberg ne ya yi tuntuɓe da shi a jami'ar jihar Michigan a 1965. Da aka fara ba mutane, ya narkar da ƙari amma ya lalata ƙoda, har aka kusa watsar da shi. Likitocin Memorial Sloan Kettering suka nuna a 1977 cewa in aka cika majinyaci da ƙarin ruwa aka sa fitsari ya yi ta gudu, maganin ba ya samun zama ya yi kauri a bututun. Da wannan, da haɗin da Lawrence Einhorn ya fara a Indiana a 1974, kansar maraina da ta bazu a jiki, wadda a da take kashe yawancin samarin da ta kama, ta zama wadda ake warkar da mafi yawansu. Har yau kafin a ɗura sisfilatin ana fara da ledojin ruwan gishiri, sau da yawa da sinadarin maganiziyam a ciki. A nan ne wuƙa da magani suke haɗuwa: ba a cika ba da sisfilatin ga wanda ƙodarsa ke tace ƙasa da mililita 60 a minti ba. Ke nan naman da likitan tiyata ya bari yau, shi zai iya zama dalilin da mutum zai cancanci maganin da zai cece shi shekara biyar nan gaba. Mafitsara ma ta sami nata kariya: maganin kansa saikulofosfamaid yana sakin wani guba a fitsari mai sa ta zubar da jini, sai masu bincike a Jamus suka samo mesna, wanda ke kama gubar a cikin fitsarin kansa ya kashe kaifinta.

Wanda ya fi kusa da mu kuwa ba a asibiti yake ba, a kemis ɗin bakin layi yake: dikulofenak da ibufurofen da 'yan uwansu, waɗanda manomi da lebura da ɗan dako suke haɗiya da yamma don ciwon jiki, wani lokaci a cikin haɗin da ba a san me ke cikinsa ba. In jiki ya rasa ruwa, kamar a zafin bazara ko bayan gudawa, ƙoda tana fitar da wani sinadari da ke buɗe ƙananan jijiyoyin shiga matatu don kada jini ya yanke. Waɗannan magunguna wannan sinadarin suke toshewa. In mutum yana kuma shan irin su lisinofiril na hawan jini da maganin sa fitsari, ukun sun haɗu ke nan: ɗaya ya rage ruwa, ɗaya ya tsuke mashiga, ɗaya ya saki mafita, tacewa ta faɗi warwas. In ƙoda ta mutu gaba ɗaya, sai dashe ko wanki. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, kuma abin alfahari ne, amma duk iyalin da suka taɓa ɗaukar nauyin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako sun san ba hanyar da talaka zai jure ba ce.

Wahalar ita ce ƙoda ba ta kuka da wuri. Gwajin jini na kiriyatinin, wanda da shi ake auna ta, yakan yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu bayan ɓarna ta auku, kuma ba ya tashi sosai sai an yi asarar kaso mai yawa. Shi ya sa ma'aikaciyar jinyar da ke durƙusawa kowace sa'a ta duba ledar fitsari take cikin wannan gwaninta dumu-dumu. Mutum mai kilo 60 ya kamata ya ba da aƙalla mililita 30 a sa'a. In ya kasa haka sa'a shida a jere, ta san lokacin kiran likita ya yi, tun takardar gwaji ba ta nuna komai ba. Haka likitan da, kafin ya sallami dattijon da aka yanke wa sashen ƙoda, zai ja kujera ya ce, "Baba, in gwiwa ta dame ka, wane magani kake saye?" ya kuma sa ɗansa ya zazzage ledar magungunan gida a kan gado, a ware na sha da na bari.

An daɗe ana neman ƙwaya ɗaya da za a ba mutum ta tsare masa ƙoda daga kowane magani. Biyu da aka fi sa wa rai wajen kare ta daga rinin da ake ɗurawa don hoton jijiyoyi, an gwada su a kan mutum wajen 5,000, aka wallafa a 2018, ba su fi ruwan gishiri zalla ba. Abin da ya yi aiki a asibitin yara na Cincinnati a Amurka ya fi haka sauƙi. Stuart Goldstein da abokan aikinsa suka sa kwamfuta ta riƙa fito da sunan duk yaron da ake ba magunguna uku masu cin ƙoda a lokaci guda, ko allura irin jentamaisin ta kwana uku, mai harhaɗa magunguna ya je ya sami likitan, a riƙa auna kiriyatinin kullum, a cire abin da za a iya cirewa. A cikin 'yan shekaru raunin ƙoda daga magani ya ragu da kashi 64 cikin ɗari, kuma wasu asibitocin yara a ƙasar suka ɗauki tsarin.